Goggo Muoi Ta Yi Gyara

Shekara shida ke nan Quyen tana kai baƙi wurin Goggo Muoi. Shi ne zango na uku a zagayen yamma. Ana farawa da ruwan rake a gindin gada, a tsaya kasuwar furanni a yi hotuna, sannan babura shida su kutsa lungun da ke bayan tsohuwar tashar jiragen ruwan Saigon, kowane da Bature a baya yana riƙe da hular kwanonsa. A ƙarshen lungun Goggo Muoi ke suyar banh xeo, wata faffaɗar wainar shinkafa, a kan murhun gawayi huɗu.

Wurin bai kai a kira shi shago ba. Rumfar kwano ce jingine da gaban gidanta, hayaƙi ya mayar da bangon baƙi ƙirin har yana maiƙo. Kujerun roba ne gajeru, uku daga ciki an ɗaure ƙafafunsu da waya. Ita kuma tana tsugune tsakanin kasake, ta zuba ƙullin shinkafa mai kurkur, ta juya kaskon sau ɗaya, ta watsa jatan lande da tsiron wake, ta naɗe, duk ba ta ɗaga kai ba. Baƙi su zagaye ta da wayoyi.

Quyen tana da jawabin da take yi musu da Turanci, kullum iri ɗaya: shekara arba'in a wannan wuri, girkin da ta gada daga uwarta, mijin da ya tafi yaƙi bai dawo ba. Shekarun talatin da ɗaya ne. Girkin a wurin wata maƙwabciya ta koya. Mijin kuwa yana nan da ransa a garin Bien Hoa, yana gyaran firji. Goggo Muoi ba ta jin Turanci, ba ta kuma taɓa tambaya ba.

Mutanen unguwa sun daɗe da daina cin suyarta. Tun da aka fara ajiye wa baƙi kujeru daga ƙarfe huɗu, farashi kuma ya bi aljihun baƙin, sai suka koma wajen wata mata a bakin titi. Goggo ba ta damu ba. Rukuni biyu a rana sun ishe ta. Idan babura ba su shigo lungun ba, ranar ba a kunna gawayi.

Kanta a sunkuye yake, amma tana gani. Ta ga yadda suke goge tsinken cin abinci da takarda mai danshi kafin su sa a baki. Ta ga ranar da kujera ta tsage ƙarƙashin wani ƙaton mutum, ya zube ƙasa ƙafafu sama. Wata rana wata Baturiya ta raɗa wa Quyen magana a kunne, Goggo ta tambayi abin da ta ce.

"Cewa ta yi akwai daɗi, Goggo."

"Ƙarya kike yi, 'yar nema. Banɗaki take so. Dubi yadda take matse cinya kamar kaza za ta yi ƙwai."

Ana saura kwana huɗu bikin sabuwar shekara na Tet, lokacin da kowa ke fentin gida yana fitar da tsummokaran bara, Goggo ta riƙe hannun Quyen bayan baƙi sun hau babura. Ta ce za ta rufe kwana goma, sai ran shida ga sabon wata za ta buɗe, da ƙarfe huɗu daidai. Ta kai shekarar haihuwarta da ta Quyen wurin mai duba, an ce sun dace. Don haka tana so ƙafar Quyen ta zama ta farko da za ta taka wurinta a sabuwar shekara, da baƙinta a baya. Ko ɗan'uwanta na jini ya zo kafin nan, a waje zai tsaya. Quyen ta ce to. Ba ƙaramin girmamawa ba ne, ta sani, domin sa'ar shekara gaba ɗaya ake ɗora wa wannan ƙafa.

Ran shida ga wata ta shigo lungun da baƙi shida, ta wuce wurin ba ta gane shi ba. Sai da Inna Tham ta daka mata kira. Inna Tham bango ɗaya ya raba ta da Goggo Muoi, tana zama a ƙofarta tana sayar da sigari da tikitin caca, haƙora biyu suka rage mata, kuma shekara talatin ke nan ita da Goggo ba su gaisa ba sai da baƙar magana.

"Juyo, yarinya, kin wuce asibitin. Likita na ciki tana jiranki."

Rumfar ta tafi. An fasa bangon gaba an sa ƙofar ƙarfe mai naɗewa. Ciki farin tayil ne daga ƙasa har rufi, da dogayen fitilu, da fanka biyu, da tebura shida na ƙarfe masu sheƙi, da kujeru masu jingina. Murhun gas huɗu suna jere bayan gilashi. A sama an kafa allo mai fitila da sunanta, da Turanci a ƙasansa. Goggo Muoi tana tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga da farar hula da safar hannu ta leda. Ta rina gashinta baƙi. Da ta yi murmushi Quyen ta ga ta sa haƙoran roba, farare, jere reras.

Quyen ta cire takalmi, ta shiga da ƙafar dama, ta yi mata fatan ciniki mai albarka da tsawon rai kamar yadda ake yi. Goggo ta cusa mata jan ambulan na kuɗin barka a tafin hannu, ta ja ta zuwa baya, ta buɗe wata ƙofa. Banɗaki ne na zama, da madubi, da sabulu, da takarda har naɗi biyu.

"Ki gaya musu kowa ya shiga. Ko bai ji komai ba ya shiga ya gani."

Quyen ta tambaye ta inda ta samo abin yin wannan aiki. Goggo ta ce zinaren da ta ɓoye don akwatin gawarta da abincin masu zaman makoki ta kai kasuwa, bai rage ko zobe ba. Ta ce in ta mutu a jefa ta kogi kawai, jatan lande su rama abin da ta yi wa kakanninsu. Ta yi dariya, haƙoran suka ɗan motsa, ta danna su da harshe.

Baƙi suka zauna. Suyar ta zo da zafinta, gefenta na ƙaras-ƙaras, ta ma fi ta da, don wutar gas ba ta yin gardama. Suka naɗe a ganyen latas, suka tsoma a romon kifi, suka ci. Ba wanda ya fito da waya. Wata mata ta nuna wa Quyen hoton da ke shafin kamfanin, tsohuwa tsugune cikin hayaƙi, ta tambaya cikin ladabi ko matar ta rasu ne. Quyen ta ce ga ta can bayan gilashi. Matar ta duba hoton, ta duba Goggo, ta ce, "Oh." Jawabin ma Quyen ba ta yi ba. Ta buɗe baki ta ga bai dace da ɗakin ba.

Da za su fita ta tambayi Goggo ina tsofaffin kasaken. Goggo ta nuna waje da haɓa. Ta zubar da su tun kafin biki, da murahun, da kujerun, da kwanon rufin. Wannan kurar ta maƙwabta ta kwashe, wai za ta sayar wa 'yan gwangwan.

Kwana biyar aka yi a haka. Ran na shida Trieu, mai kamfanin, ya ce Quyen ta biyo ofis kafin ta fita. Trieu ba ya ɗaga murya. Ya juyo mata kwamfuta, ya karanta mata abin da baƙi suka rubuta, ɗaya bayan ɗaya, yana fassarawa duk da ya san ta fi shi jin Turanci. Wani ya ce an yi musu alkawarin lungu an kai su kantin filin jirgi. Wata ta ce hoton da ke shafin yaudara ce. Taurari biyar sun koma uku, kuma kowane rubutu da sunan Quyen a ciki.

Ta ce abincin ya fi na da kyau. Ya ce ya yarda, amma tsafta suna da ita a otal, ba ita suka hau jirgin awa goma sha huɗu su gani ba. Ta ce matar saboda su ta yi, kuɗin makararta ta zuba.

"Ni na ce ta yi? Ke kika ce ta yi?"

"A'a, Yaya Trieu."

"To."

Da rana ya hau babur ya je lungun da kansa. Bai shiga wurin Goggo ba. A ƙofar Inna Tham ya tsaya, ya sayi kwalin sigari. Tana zaune kan kujera mai ƙafar waya, malafa a ka, baƙaƙen kasake huɗu a jibge gefenta don 'yan gwangwan ba su dawo daga ƙauye ba tukuna. Ya daɗe yana kallonta. Kafin ya tafi sun gama magana. Kwana biyu bayan nan tsohon kwanon rufin ya hau gaban gidan Inna Tham, aka ƙona tayar babur a gindin bangon don ya yi baƙi da wuri.

Quyen ta ce masa Inna Tham ko ƙwai ba ta iya soyawa. Ya ce zuba ƙulli a kasko ba karatun likita ba ne. Quyen ta bar maganar a nan. Shekararta talatin da shida, kuma akwai 'yan mata biyar a kamfanin da ke jiran a ba su babur ɗin gaba. Ya ce ta je ta sanar da Goggo. Ta ce za ta je. Ba ta je ba.

Ranar da aka sauya, Goggo Muoi ta shimfiɗa teburanta shida, ta jera ganye a faranti, ta kunna allon tun rana ba ta faɗi ba. Ta ji ƙarar babura ta fito bakin ƙofa tana gyara hula. Quyen ta tsayar da nata taku biyar kafin ƙofar, ta sauka, ta juya mata baya. Baƙi suka tsuguna a kan gajerun kujerun suna dariyar gwiwoyinsu. Inna Tham ta watsa ƙulli a kasko, hayaƙi ya turnuƙe, wayoyi suka fito.

Quyen ta yi jawabin. Goggo ba ta san ko kalma ɗaya a ciki ba, amma ta san karinsa, shekara shida tana jinsa a saman kanta. Ta san inda muryar ke sauka, ta san inda baƙi ke karkata kai su dafa ƙirji. Suka karkata kai, suka dafa ƙirji, suna duban Inna Tham. Wata ma ta shafa mata kafaɗa. Kafin su tashi mutum biyu suka nemi banɗaki, Quyen ta nuna musu ƙofar Goggo ba tare da ta waiwaya ba. Goggo ta matsa gefe suka wuce. Ɗayan ya ajiye mata ɗan canji a kan tebur.

Washegari Quyen ta zo da wuri don ta duba gawayi, Goggo ta tare ta a tsakiyar lungun. Ba ta yi ihu ba. Ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa, ko wani ya yi ciwon ciki. Quyen ta ce ba ko ɗaya. Ta yi mata bayani a taƙaice, idonta a kan makullin babur: baƙi tsohon wurin suke so, da hayaƙin, da tsugunon.

"Dattin suke so?"

"Haka dai, Goggo."

"To me ya sa suke goge tsinken?"

Goggo ta ƙara da tambayar me ya hana Quyen ta faɗa tun farko, ita da ta san halinsu. Quyen ta ce ai ba a shawarce ta ba. Goggo ta gyaɗa kai, ta ce gaskiya ne, so ta yi ta ba ta mamaki.

Kwana uku bayan haka Quyen ta iske Goggo ta sauya. Ta cire haƙoran, ta sa tsohuwar rigarta mai ƙunar gawayi a hannu, ta fito da murhu ɗaya da ta aro ta ajiye a bakin ƙofa. Ta daka gawayi ta kwaɓa da mai, ta shafe farin tayil ɗin da tsumma, tun daga ƙasa har inda hannunta ya kai. Baƙin bai kama ba. Ya yi layi-layi yana gangarowa, farin na leƙowa ta ko'ina. Gashinta kuwa yana nan baƙi wuluk, rinin bai saki ba. Tana tsugune gaban murhun da sabon kasko mai sheƙi, tana ɗaga wa baƙi hannu, tana buɗe baki don su ga dasashin.

Inna Tham ta ce da ƙarfi, yadda duk lungun zai ji, "Muoi, kin manta fanka. Shafa mata ita ma."

Wani saurayi cikin baƙin ya tambayi Quyen ko matar can tana da taɓin hankali. Quyen ta ce tsufa ne kawai, kada ya kula ta, ta juya shi wajen Inna Tham.

Sai dai suyar Inna Tham ba ta ciwuwa. Tsakiya ɗanye, gefe gawayi, wani lokacin da tokar sigari. Hotuna suka yi kyau, taurarin suka tsaya a huɗu, kuma duk rubutu sai ya ce tsohuwar abin ƙauna ce amma an bar abincin a faranti. Trieu ya sake kiran Quyen. Ya ce ya lura gidajen biyu tsakar gidansu ta baya a haɗe take, katanga ce kawai iya ƙugu. Ya faɗi abin da yake so, ya ce wannan karon ta tabbata ta je.

Ta je da tsakar rana, lokacin da lungun ke barci. Goggo tana zaune ita kaɗai a ɗaya daga cikin teburan, fanka a kashe. A gaban ɗan wurin ibadar da ke ƙasa kusa da ƙofa, turaren tsinke ya ƙone ba a sauya ba. Ta wanke bangon, amma baƙin ya maƙale a tsakanin tayil. Kwana goma sha ɗaya ba ta sayar da faranti ko ɗaya ba. Matar bakin titi ta riga ta riƙe mutanen unguwa, su kuma da suka leƙo suka ga tebura masu sheƙi sai suka ce wannan ba wurin talaka ba ne.

Quyen ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta jero maganar. Goggo za ta riƙa suya a kan gas ɗinta. Za a miƙa faranti ta katangar baya, ɗaya daga cikin masu tuƙa baburan ta karɓa ta fito da shi ta bayan labulen Inna Tham. Inna Tham za ta ci gaba da juya kasko don hoto, abin da ta soya a zuba a bokiti. Za a raba abin da aka samu biyu. Daga ƙarfe huɗu zuwa shida ƙofar ƙarfe a sauke take, allo a kashe, Goggo kuma ba za ta leƙo ba. Mai neman banɗaki za a bi da shi ta baya, ita ta shige ɗaki har ya fita.

Goggo ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce akwai abin da take so ta sani. Wannan wurin da suke dafa ƙirji, me ake faɗa musu? Quyen ta gaya mata.

"Mijina ya mutu a yaƙi?"

"Haka nake cewa."

"Da ya kyauta. Yanzu kuma na Tham ne ya mutu? Tham da ko karen unguwa bai taɓa biyo ta gida ba?"

"Labari ne kawai, Goggo."

Goggo ta shafa teburin da tafin hannu, ta duba tafin. Ta ce da ta san haka ƙafar take, da ta bar mai kwasar shara ya fara shigowa. Quyen ta ce tana iya ƙin yarda, ba dole. Akwai wani mutum a lungu na gaba da Trieu ya ce shi ma ya iya suya. Ta faɗi haka ne don ta san zai gajarta zaman.

Goggo ta tambaya faranti nawa za a fara da shi yau.

Ƙarfe huɗu saura kwata Quyen ta riga baƙi isowa. Goggo ta riga ta kwaɓa ƙulli, ta wanke ganye, tana tsaye bayan gilashi da farar rigarta. Hannunta bai kai ƙugiyar ƙofar ba, don wanda ya kafa ta dogo ne. Ta yi tsalle sau biyu ta kasa. Quyen ta miƙa hannu ta janyo ƙofar, ta sauke ta har ƙasa, ta taka da ƙafa ta ji ta kama.

Babura suka iso. Baƙi suka tsuguna, Inna Tham ta gyara malafa, hayaƙi ya tashi. Quyen ta fara jawabi. Tana tsakiyar shekara arba'in sai ƙarar ƙulli a kan kasko mai zafi ta fito daga bayan ƙofar ƙarfen, sau huɗu a jere, tsaf-tsaf, yadda hannu ɗaya ne kawai a lungun ke iya yi. Wani dattijo cikin baƙin ya waiwaya yana neman inda ƙarar ta fito.

Quyen ta yafito ɗaya daga cikin masu tuƙin, ta ce ta matsar da babur ɗinta jikin ƙofar, ta bar injin a kunne har a gama ci.